Ranar da Kawu Ya Gano Maɓoyar Kifi

A danginmu kaf babu wanda ya san ruwa kamar Kawu. Shi ya faɗa, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa a gabansa ba. Yana da sandunan fatsa huɗu, da riga mai aljihu goma sha biyu, da takalmin roba da ya kai masa cinya. Abokan aikinsa suna kiransa Dodon Tafki. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a bayan mota.

Ni kuwa shekara biyu ke nan da na gama digiri a kan kiwon kifi, ina zaune a gida. Sai Kawu ya ji cewa wani mai gonar kifi yana neman ma'aikaci, kuma yakan je hutawa sansanin bakin tafki duk ƙarshen mako.

"Ɗauko takardunka," in ji shi. "Manya a bakin ruwa ake samunsu, ba a ofis ba. Kai dai ka yi shiru, ni zan yi magana."

Muka isa da hantsi. Bukkokin katako uku ne, da murhun duwatsu, da kwale-kwale ɗaya. Kawu ya kafa tanti, ƙofar ta manne da jikin bishiya. Ya ce da gangan ne, saboda iska.

Mai gadi ya ce mai gonar sai la'asar zai iso, don haka Kawu ya ƙudura tarbarsa da kifin da ya kama da hannunsa. Ni na tuƙa, shi ya tsaya a gaba riƙe da ƙugu. Cikin awa uku ya kamo ciyawa, da silifa ɗaya, da rigata. Sannan ya hango jarkoki shuɗɗa a jere a kan ruwa, ɗaure da igiya.

"Can za mu! Kifi na son inuwar jarka. Ba kowa ya san wannan ba."

"Kawu, wannan kamar..."

"Ɗana, ku a takarda kuka karanta ruwa. Ni shan sa na yi."

Duk wanda ya yi sati ɗaya a ajinmu ya san keji ne, wato ragar da ake ajiye iyayen kifi masu ƙwai a ciki. Na sake buɗe baki, ya ɗaga mini yatsa. Yayan mahaifiyata ne. Na rufe.

Jifa ɗaya ya ciro tarwaɗa mai tsawon hannu. A jifa na biyu ƙugiyar ta maƙale a raga. Ya zaro wuƙa.

"Wani sakarai ya jefar da tsohuwar raga tana hana kifi walwala," ya ce, ya keta ta. Na ga kifayen suna wucewa ƙarƙashin kwale-kwalen, layi-layi. Har yau in na rufe ido ina ganinsu.

Da muka fito ya sa mai gadi ya ɗauke shi hoto da tarwaɗar, sannan ya gasa ta. Mai gonar ya iso, dattijo ne marar hayaniya. Kawu ya ajiye masa faranti, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, tafki ba ya buɗe cikinsa ga kowa. Sai ya ga mutum, ya auna shi. Yau ya gan ni."

Dattijon ya ci loma biyu. A ta uku ya zaro wata 'yar roba ruwan ɗorawa daga bakinsa, ya goge, ya karanta.

"Lamba sha bakwai," ya ce. "Shekara huɗu ina renonta."

Ya daɗe yana kallon jarkokin. Sannan ya dubi ambulan ɗin takarduna da ke hannuna.

"Kai ne mai digirin?"

"Ni ne, Baba."

"Kana cikin jirgin?"

"Ni na tuƙa."

"Ka san keji ne?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai, ya wanke hannu, ya tafi. Ko buɗe ambulan ɗin ba a yi ba.

A mota Kawu ya yi mini nasiha. "Matsalarka ɗaya, ba ka magana. Wa zai ɗauki mutumin da ba ya buɗe baki?"

Yanzu hotonsa na manne a ƙofar sansanin, da rubutu a ƙasa cewa kada a bar wannan mutumin ya shiga. Kawu ya samo kwafi, ya yanke rubutun da almakashi, ya rataye a falo. In ka matsa kusa, a gefen hagu za ka ga hannuna riƙe da ambulan.