Yadda Za Ka Zaɓa wa Goggonka Kwamfuta Kafin Ranar Suna

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari cikin kwana shida za ka zama masanin kwamfuta na danginku kaf, ko da iyakar iliminka kunnawa da kashewa ne. Ba labari aka ba ni ba. Ni na gwada da kaina a unguwarmu ta Aboabo, kuma har an yi mini addu'a a bainar jama'a.

Kayan aikin ba su da yawa: tabarau, riga mai aljihu a ƙirji, da goggo wadda ta yarda da kai. Tawa ita ce Hajiya Hawawu, yayar babana, mai sayar da gyaɗa a kasuwar Aboabo. 'Yarta Latifatu tana aure a Italiya, shekara huɗu ba su haɗu ba, ga shi ta haifi ɗa namiji ranar Lahadi, jikan Hajiya na fari. Kamar yadda aka saba, jariri yana can amma a nan gida za a yanka rago, liman ya raɗa suna, mata su cika tsakar gida. Idon Hajiya ya yi rauni, a fuskar waya ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Don haka take son abu mai babban allo: ta ga jikanta ranar suna, Latifatu ta gan ta, ta kuma ji addu'ar da za ta yi wa yaron da bakinta. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini sidi dubu biyar, ta ce, "Mudasiru, kai ne ka yi sukul. Je ka zaɓo."

Mataki na 1: Samo suna tukuna, ilimi zai biyo baya

Na taɓa yin wata uku a wani shagon buga takardu, aikina danna koren maɓalli da ɗinke takardu da waya. Tun daga nan dangi suka yanke cewa na san kwamfuta ciki da waje. Ban taɓa cewa na sani ba, ban kuma taɓa cewa ban sani ba. Kai ma ka yi haka. Duk wanda ya kawo maka tambaya, ka cire tabarau, ka goge da bakin riga, ka ce, "Sai na duba." Ba wanda zai dawo ya tambaye ka me ka gani.

Mataki na 2: Saurari buƙata da ladabi, sannan ka ajiye ta

Akwai masu cewa kafin ka sayi kwamfuta ka fara tambayar me za a yi da ita. Wannan shawara ce ta masu ƙaramin buri. Goggo ta ce tana son ganin jikanta, to me ta sani? Kai buƙatarka ta fi tata girma: kana so mata sittin su ga abin da ka zaɓo su riƙe baki. Ka gyaɗa mata kai, ka ce ta bar komai a hannunka, ka fita kafin ta maimaita.

Mataki na 3: Tafi da dattijo

A wurinmu ba a babban ciniki ba tare da babba ba, ko da babban bai taɓa ganin hajar ba. Ni na ɗauki Alhaji Issahaku, ƙanen mijin Hajiya, wanda ya shekara arba'in yana dillancin buhunan gyaɗa. Alhaji ba ya amfani da sikeli. Ya kama kunnen buhu ya ɗaga, ya gaya maka ko an cika shi ko an yi maka wayo, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Irin wannan mutum kake buƙata, domin idan abu ya yi kyau kai ka zaɓa, idan ya lalace tare kuka je.

Ka goya shi a moto, wato babur, ka bi a hankali. Dattijon da aka jefa a rami ba ya goyon bayan kowa.

Mataki na 4: Kada ka bar mai shago ya ƙarasa magana

Hatsarin da ya fi kowanne shi ne mai shago mai gaskiya. Mu mun faɗa hannun wani mai suna Sheriff, wanda ko gaisuwa ba mu gama ba ya tambayi wa za a saya wa, kuma me za a yi da ita. Alhaji ya saki baki ya faɗa masa. Nan take Sheriff ya ɗauko wata laftof, irin waɗanda aka yi amfani da su a Turai aka kawo, ya ce kyamara tana ciki, sifika tana ciki, makirfo ma haka, ga batir, kuma za mu koma da canji mai kauri. Allon ma, in ji shi, ya ishi idon tsohuwa idan ta matso.

A nan ne dattijonka zai yi maka rana. Alhaji ya karɓi laftof ɗin da yatsu uku, ya ɗaga, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya ajiye.

"Wannan ba komai ciki," ya ce. "An kwashe. Kawo mai nauyi."

Sheriff ya buɗe baki zai yi bayani. Kai kuma sai ka cire tabarau ka ce Alhaji ya riga ka faɗa.

Mataki na 5: Bi manyan lambobi

Yanzu ka nuna baƙin akwatin nan na lungu, irin wanda samari ke wasan mota da harbe-harbe da shi, mai gefen gilashi. Ka tambayi ram nawa ne. Duk abin da aka ce, ka ɗan ɓata fuska ka ce babu wanda ya fi? Ka tambayi furosesa, ka tambayi giga nawa take ɗauka. Ba sai ka san ma'anarsu ba. Dokar ita ce goma sha shida ta fi takwas, kuma abin da ya fi wuyar faɗa ya fi daraja.

Alhaji ya tattare babbar riga ya rungumi akwatin, ya yi nishi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dire shi yana murmushi ya ce wannan kam an cika shi paa. Ni dai a lokacin daɗi ya kama ni har kunne, don ban taɓa jin na yi daidai kamar ranar ba.

Mataki na 6: Kada ka koma da canji

Wanda ya koma gida da canji ya nuna bai san abu mai kyau ba. Bayan akwati da allo mai faɗin tire, ɗan abin da ya rage mana bai taka kara ya karya ba. Sheriff ya ajiye ƙaramar kyamara da sifika biyu a kan tebur, ya ce lallai mu haɗa da waɗannan, don akwatin nan ba ya gani, ba ya ji, ba ya magana. Kusa da su kuma ga wani kibod mai wuta kala bakwai, tana gudu daga hagu zuwa dama. Kuɗin ba zai sayi duka ba.

Ka yi tunani irin na manya. Kyamarar ba ta kai ƙwallon goro ba, wa zai gan ta daga bakin ƙofa? Kibod kuwa ko makaho ya ji labarinsa. Ka gaya wa mai shago cewa injin mai ram goma sha shida ba zai rasa ido ba. Sheriff ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce mini, "Massa, na faɗa maka dai." Ya naɗe mana kibod.

Mataki na 7: Shigo da ita da rana tsaka, kuma kada ka gwada

Ka ɗauki yelo-yelo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ka sa direba ya zagaya ta bakin masallaci daidai lokacin da ake fitowa daga azahar. A gida ka jona, ka kunna, ka bar fanka ta juya, wuta ta yi ta gudu. Iyakar gwajin ke nan. Gwaji kafin ranar biki alamar rashin yarda da kai ne, kuma yana iya nuna maka abin da ba ka shirya gani ba.

Mataki na 8: Ranar suna, tsaya kusa da makaɗa

Da safe aka yanka rago, liman ya raɗa wa yaro suna Abdul-Baki, aka raba goro da masa. Kafin hantsi tsakar gida ta cika da mata, makaɗa uku sun shigo ba wanda ya gayyace su. Hajiya ta fito cikin sabon leshi ruwan zuma wanda ta ajiye shekara biyu saboda wannan rana, ɗaurin kanta kaɗai ya ci rabin awa. Aka zaunar da ita a kujera gaban allo.

Na jona wayata don intanet, na kira. Sai ga Latifatu ta cika allo, jariri a ƙirjinta, har gashin kansa ana gani. Guɗa ta tashi. Hajiya ta kai hannu ta shafa kumatun yaron a jikin gilashi, ta ce hancin marigayi mijinta ne sak.

A nan ne za ka lura bakin Latifatu yana motsi amma babu abin da ke fitowa. Za ka kuma lura tana leƙe, tana matso da fuska, tana ƙanƙance ido kamar mai neman abu a rijiya. Sai ka tuna kyamara da sifikun da ka baro a teburin Sheriff. Kada ka tsaya jin tsoro: ka juya ka liƙa wa babban makaɗi kuɗi a goshi, ka yi masa alama ya ƙara wuta. Cikin wannan ƙara ba wanda zai san allo bebe ne.

Hajiya ta ɗaga hannu biyu ta fara addu'a. Ta roƙa wa yaro tsawon rai da albarka, ta ambaci kakanninsa ɗaya ɗaya har na can unguwar Kukuo, ta ce wa 'yarta ta yafe mata duk nisan nan. Latifatu tana can tana girgiza waya, ranta a ɓace, ta goge ido da bayan hannu. Mata suka ce kukan murna take yi. Ba a kai minti uku ba allo ya yi baƙi.

Wayata ta yi motsi. Saƙo ne: "Mudasiru, ba na ganin kowa, ba na jin komai. Ina Mma? Yaro na kuka, baƙi sun zo. Gobe zan kira ta a ƙaramar wayarta."

Ka karanta sau ɗaya, ka tura wayar aljihun ƙirji.

Mataki na 9: Amsa abin da aka tambaye ka

Hajiya ta kamo hannuna, ta jawo ni ƙasa kusa da bakinta don kada kowa ya ji.

"Ta gan ni kuwa?"

"Ta gan ki, Hajiya."

"Da leshin?"

"Ta ce ya yi miki kyau."

Sannan ta ce, "Addu'ar fa? Ta ji har ƙarshe?"

Ƙwararre ba ya inda-inda a nan. Ka dubi tsakiyar idon da ba ya ganinka sosai, ka ce, "Ta ce amin."

Hajiya ta fashe da kuka. Ta miƙe ta sa makaɗa suka yi shiru, ta gaya wa mata sittin cewa ɗan ƙanenta ya kawo mata 'yarta har tsakar gida. Ta dafa kaina ta yi mini addu'ar da ta fi ta jaririn tsawo, ta sa aka naɗe mini cinyar rago sukutum. Kowa ya shafa. Ni ma na shafa, kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Ka ga dai na cika alkawari. Yanzu kai ne masanin kwamfuta na dangi, har zuwa gobe da safe.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo bayan kiran gobe. Ba shi ya ɗaga akwati ba, ba shi ya buga ganga ba, kuma ba shi ya ce ka bi shawararsa ba. Masu ƙorafi kada su neme shi a Aboabo, ya tafi ƙauyen Gbalahi taya wani abokinsa noma, wayarsa a kashe. Wanda ya san hanyar shagon Sheriff ya taimaka ya karɓo kyamarar nan da sifika biyu ya kai wa Hajiya, ya ce mata daga wani ne da bai iya cin cinyar ba.