Ranar da Na Sauya wa Agon Wuri

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen da muka yi a makarantarmu ta Maamobi ba. (Iyayen ma ba su manta ba.)

Na daɗe ina koyar da kimiyya a ajin ƙarshe, duk da cewa lissafi na karanta. Sai aka kawo Madam Rakiya, sabuwar fitowa daga jami'a, aka ba ta rabin darussana. Shugaban makaranta ya ce bayan taron zai yanke wanda zai riƙe ajin gaba ɗaya. Yara kuwa har tashar motocin haya na trotro suke zuwa karɓo mata jaka. Ni tawa, ni nake ɗauka.

Ranar taron ta jera ɗalibai a tsakar makaranta kamar jadawalin sinadarai, kowa rataye da kwali mai suna da lamba da nauyi. Ita tana bayani da Turanci, ni aka ba makirufo in mayar wa iyaye da Hausa. Wato da bakina zan riƙa tallata ta. Suna tafi, ina neman kuskure.

Sai na hango shi. Yaron da ke rataye da kwalin sinadarin agon, mai nauyi kusan arba'in, yana tsaye gaban fotasiyam, mai talatin da tara da ɗoriya. Mai nauyi ya riga wanda bai kai shi ba! Wallahi wani daɗi na ji har ƙafata.

Na taka, na kama kafaɗun yaran biyu, na musanya musu wuri. “Ƙaramin gyara ne, jama'a,” na ce. “Ƙuruciya ce, za ta koya.”

Madam Rakiya ta karɓi makirufon cikin ladabi. Ta ce ba nauyi ke jera sinadarai ba, yawan furoton da ke tsakiyar atam ne. Mai furoton sha takwas agon ne, mai sha tara fotasiyam, ko a ina aka same su. Ƙara ɗaya, ya zama wani sinadari daban. Ta ce inda na tsayar da fotasiyam layin nau'o'in iskar gas ne marasa rigima, alhali shi ƙarfe ne da ke kama wuta in ya taɓa ruwa.

Sannan ta miƙo mini makirufon. “Malam, a fassara musu.”

Na fara, ƙasa-ƙasa. Wata Hajiya mai sayar da doya a Kasuwar Malam Atta ta ɗago hannu daga baya: “Ticha, ba mu ji! Ɗazu muryarka ta fi haka. To waye ya ɓata, kai ko Madam?”

Na fassara duka, kalma-kalma, yaran suna komawa wurarensu a bayana.

Ajin dai ita aka ba, ni na koma lissafi. Tun ranar, in na hango kuskuren wani kuma na ji daɗi ya yi mini yawa, sai in sake dubawa ina zaune.