Ranar da Na Yi wa Cikin Wata Bakwai "Alo"

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka matata Hadiza awon ciki ba, a shekarun nan da ake ta zancen Faransawa za su bar mana mulki. Lokacin ina falanto, wato ɗan aike mai gajeren wando, a wani biro (ofis) a nan Zinder. Aikina kai takardu, amma in akawu ya fita ni ke ɗaukar tarho. Wannan ya kumbura mini kai har nake ganin na ƙware a Faransanci (alhali abin da na iya bai wuce "wi mushe" da "alo" ba).

Cikin Hadiza ya shiga wata na bakwai, sai motsi ya ɗauke. Ta taɓa ɓarin wani a baya, saboda haka hankalin kowa ya tashi. Gwaggonta Fanna ta ce gobe da safe sai matanite, gidan haihuwa na likita. Na ce da ni za a je.

"Kai ɗan nan, ina ruwan namiji da ɗakin awo?" in ji Gwaggo.

Na gyara hula na ce, "Gwaggo, ungozomar 'yar Dahomey ce, ba ta jin Hausa. Wa zai yi muku tafinta?"

Muka tarar da mata cike a gindin bishiyar bedi, kowacce da tulun cikinta. Na ratsa su ina ɗaga kai kamar kumandan. A ciki, ungozomar ta kwantar da Hadiza, ta auna cikin da tef irin na tela, ta lallatsa tana neman inda kan yaro yake. Sannan ta ɗauko wani ɗan ƙaho na katako mai faffaɗan baki, ta kifa a cikin, ta kara kunnenta. Can sai ta yi murmushi, ta zubo mini Faransanci kamar ruwan Agusta.

"Me ta ce?" in ji Hadiza.

Wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba. Na ce, "Ta ce... a yi haƙuri, ana dubawa."

Da ungozomar ta ga ban gane ba, sai ta jawo ni, ta nuna ƙahon, ta nuna cikin, ta nuna kaina. Nan na ce a raina, ashe tarho ne na likitoci! Ai wannan fagena ne. Na durƙusa, na yi gyaran murya, na kafa bakina a ramin da ake kara kunne, na kwarara iyakar ƙarfina:

"Alo! Alo! Wa ke magana?"

Ban rufe baki ba aka yi wani irin shuri daga ciki. Ƙahon ya zabura ya doke ni a leɓe, na faɗi zaune, hulata ta gangara ƙarƙashin gado.

"Ya motsa! Gwaggo, ya motsa!" Hadiza ke faɗi, tana kuka tana dariya.

Gwaggo ta dube ni a ƙasa ta ce, "To tafinta, an ba ka amsa. Sai ka fassara mana."

Ungozomar kuwa dariya har da riƙe bango. Da ta lafa, ta kama kunnena kamar na ɗan makaranta ta ɗora a ƙahon. Sai na ji wani ɗan bugu, da sauri da sauri, kamar ƙaramin kalangu daga nesa. Zuciyar yaron ce. Abin da take ta gaya mini ke nan tun ɗazu: lafiya lau yake. Wata mai shara da ke jin harshen biyu ta leƙo ta ƙara mana bayani, wai a wata bakwai ɗan tayi yana jin ƙara, har yakan firgita.

Kash, taga a buɗe take. Muna fitowa, ni da kumburarren leɓe, matan gindin bedi suka haɗa baki: "Alo! Alo!" Kafin la'asar labari ya zaga Birni ya faɗa Zango. Har mahauta a kasuwa, in na zo wucewa, sai su kara ƙashi a kunne.

Allah ya sauki Hadiza lafiya, aka samu mace. Liman ya raɗa mata Mariyama, amma yau ga ta da jikoki, duk unguwa Hajiya Alo ake ce mata, kuma har yanzu ba ta yafe mini ba.

Ni dai tun daga ranar, in aka miƙo mini abin da ban sani ba, kunne nake fara kai masa. Baki sai daga baya.