Yaƙin Tanimu da Dutsen Bayan Gari

Da sunan Mai kafa duwatsu, ga tarihin Tanimu ɗan Nomau jikan Cindo, tsatson gidan da tun kaka da kakanni ba a san shi da hawan komai ba sai jaki da gado. Shi ne sadaukin teburin mai shayi, gagara-badau a fagen musu, wanda ya ji a rediyo wai Turawa sukan hau ƙololuwar da ba a taɓa takawa ba a raɗa mata sunansu, nan take ya rantse gaban jama'a cewa dutsen bayan gari zai koma Dutsen Tanimu.

Ya fito cikin haiba da alfarma, da babbar riga mai aska takwas, da takalmi sau-ciki, igiyar guga a kafaɗa, maroƙi na biye yana zuba kirari. Ya zaɓi fuskar dutsen da ta fi santsi, don nan 'yan kallo suke.

"Yau ko ni ko kai!" ya daka wa dutse tsawa. 

Aka gwabza. Hula ta yi shahada tun a karon farko, takalmi ɗaya ya bi sahunta, riga ta dare har ƙasa, gwarzon namu yana jan ciki kamar ƙadangare, yana kiran waliyyan da bai taɓa ziyarta ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kai bisa, ya miƙe ya yi kabbara, sai ya ji ƙaras a ƙarƙashin ƙafarsa.

Kuɓewa ce aka shanya. Can gefe kuma ga Inna Tabawa, uwar matarsa, zaune tana korar awaki. Ashe ta bayan dutsen matan gari ke hawowa shanya tun ba a haife shi ba.

Kunya ta lulluɓe shi. Ya tuɓe takalmin da ya rage, ya durƙusa, kai a ƙasa.

"Ina wuni, Inna?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Allah ne ya kawo ka. Tattara abin da ka tattake ka ɗauko mini."

Wa ya isa ya musa wa suruka? Haka jama'a suka ga saukowar rundunar nasara: tsohuwa a gaba tana dogara sanda, mayaƙi a baya da buhun kuɓewa a ka.

Tun daga ranar ake kiran dutsen nan Dutsen Tabawa. Shi kuwa Tanimu, saboda kunyar suruka, har yau ko sunan dutsen ba ya iya faɗa.