Furen da Na Ɗauko Daga Bakin Daji

A majalisarmu ta ƙofar gida na yi shelar, ƙarshen damina, har ina kaɗa yatsa: furen nan mai ruwan ɗorawa, wanda irinsa ke kama da kaska, ba ya fitowa ko'ina a ƙasar nan sai fadamar bakin daji wajen Randagi. Na daɗe ina malamin gona, wa zai ja da ni?

Yaya Sule ya ce, "Hanyar nan fa ba lafiya."

Na ce, "Yaya, a bar masu ilimi su yi aikinsu."

Washegari na hau babur. Sau biyu ina faɗuwa cikin laka, ko ganye ya motsa sai in waiga a tsorace, amma na samo shi. Na tono uku da saiwarsu, na dawo da la'asar ina danna hon tun daga bakin layi. Majalisa ta miƙe tsaye, kowa na ba ni hannu. Liman ma ya sa albarka.

Na shiga gida na ce wa matata Hajara ta kawo tukunya mai kyau. Ta dubi furen, ta dube ni, ta ja ni bayan garken awakinmu. Ga shi nan jingim, har ƙugu.

"Malam, wannan ciyawar? Tun bara nake roƙonka ka nome ta."

Ashe Yaya Sule yana biye da mu, shi ya kai labarin majalisa.

Har yau, da zarar furen ya buɗe, sai a yi sallama da ni: "Malam, dukiyarka ta fito a gonata. Zo da fartanya ka kwashe kayanka."