An Soke Dogo, An Bar Gajere

Jama'a, jiya na je jarrabawar lasisin rediyon 'yan sha'awa a nan Kitwe, na dawo da ciwon kai.

Ga wanda bai sani ba: kafin a bar ka ka gaisa da duniya ta akwatin da ka haɗa da hannunka, sai ka iya tsohon yaren ƙwanƙwasa, gajeren ƙara da dogon ƙara, harafi bayan harafi. Tsofaffinmu suka ce wanda bai sha wuyarsa ba ɗan wasa ne. Matasa suka ce ko jiragen ruwa sun daina. Aka yi ta ja-in-ja har gemun matasan ya yi fari.

Sai shugaban hukumar rediyo, Mai Girma Uban Iska, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya kwashi kwamiti zuwa otal a bakin tafki. Suka ci kifi har ya yi tsada a kasuwa, suka fito da sulhu: an soke dogon ƙara, an bar gajere. Kowa ya samu rabi.

Ba wuta a ɗakin jarrabawa, don haka mai gwajin, Ba Sichilima (a nan "Ba" kamar "Malam" ne), ya miƙo mini cokali da murfin tukunyar nshima, wato tuwon masara. Na buga, murfin ya yi amo.

"Dogo! Ka karya doka."

"Ranka ya daɗe, ƙanena Lubinda na noma inda waya ba ta kaiwa, kuma duk damina ruwa na cin su. Kiran neman agaji fa? Tsakiyarsa dogaye uku ne."

"Kwamiti zai zauna a kai. Ka ce masa kar ya nutse tukuna."

Na dawo gida, maƙwabciyata Bana Mutinta mai tumatir ta tare ni a ƙofa, ta kira sunana.

"Ba Kapembwa, to da gajerun zalla me za ku iya faɗa?"

Na jujjuya 'yan haruffan da aka bar mana. "Hi hi," na ce. "A sana'armu haka ake rubuta dariya."

"Wato in ruwa ya kai wa Lubinda wuya..."

"Sai ya yi dariya, mu amsa masa da dariya."

Ta kama haɓa. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kai ma sai ka ce hi hi?"

Amma mu faɗi gaskiya, a ina kuka taɓa jin manya sun ba talaka lasisin dariya? Ni dai tunda na faɗi jarrabawar, tawa ta bayan fage ce. Kar ku gaya wa kowa.