Yadda Za Ka Yi wa Rabin Motarka Walda Ka Fita da Girmanka

Barka da zuwa, ɗan'uwa mai sabbin shokozoba! Tun daga nesa na hango ka rungume da kwali kamar an miƙa maka jariri, bakinka har kunne. Ka sayo manyan sifirin, ka sayo shokozoba jajaye masu sheƙi, kana so motar gidanku, wadda kake kai Madam wurin aiki da ita kullum safiya, ta daina durƙusa wa kowane tudu ta riƙa tafiya kai a sama. Madalla da kai. Sai dai akwai tambaya ɗaya da ke zaune a gareji tana jiran ka: a ƙarfafa firam ɗin ƙasa, ko a bar shi yadda yake? Kada ka damu. Bi matakan nan nawa bi da bi, ni kuma na ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari cewa za ka yanke hukunci kamar gwani, kowa na kallon ka da sha'awa.

1. Ka sauka rami da kwarjini

Da zarar an kwance tsofaffin ƙafafun motar, bakanike zai leƙo daga ramin gareji ya ce, "Oga, sauko ka gani da idonka." Ka sauka a hankali, kada ka nuna kana tausayin farar rigarka.

Zai haska maka wani ƙaton ƙarfe da ke kwance a ƙarƙashin motar, wanda inji da ƙafafun gaba ke zaune a kansa. Shi ne firam ɗin. Ba ka taɓa ganin sa ba tun da ka sayi motar, amma ka gaishe shi da ido kamar tsohon maƙwabci.

"Ka ga nan? Ka ga can?" in ji bakanike. "Tsatsa ta ci shi, ya fara tsagewa ta gefe biyu. Tsofaffin shokozobanka masu laushi ne, lallaɓa shi suke yi. Waɗannan jajayen naka ba su san lallashi ba, duk ramin da ka faɗa firam ne zai sha dukan. Gara a sauke shi yanzu da komai ke kwance, a ɗora masa ƙarfe a yi walda."

Amsarka ita ce "Hmm." Sai ka ƙwanƙwasa ƙarfen da makullin mota, ka karkata kai kana saurare. Ba abin da za ka ji, amma shi bai sani ba.

2. Ka kira Furofesa

Kowane mai mota yana da Furofesa. Shi ne abokin nan naka da bai taɓa riƙe sifana ba, amma wayarsa cike take da bidiyon motocin tsere, shi ne ma ya zuga ka sayen jajayen. Kira ɗaya za ka yi masa, kafin ka mayar da waya aljihu ya iso yana haki.

"Walda?" zai ce, yana dafe ƙirji. "A wannan zamanin? Haba mutumina! Ita mota tana son ta ɗan lanƙwasa, numfashinta ke nan. Ka lafta mata ƙarfe ta koma tankar ruwa? Kuma in aka sauke firam ɗin nan, ka manta da haɗuwar Asabar. Na riga na gaya wa duk abokai za su ga abin mamaki."

A nan zuciyarka za ta yi tsalle. Ka daɗe kana mafarkin Asabar ɗin nan: ka shigo fili a hankali, gilashi a ƙasa, gwiwar hannu a waje, abokai na zagaye motar suna fito. (Masana sun tabbatar cewa shawarar da ta fi daɗin ji ita ce ta fi kusa da gaskiya. Kada ka tambaye ni waɗanne masana.)

3. Ka bar su su kara

Samu tsohuwar taya ka zauna, ka harɗe hannu, ka zama alƙali. Bakanike zai ce shi da hannunsa ya taɓa janyo motar da firam ɗinta ya ɓalle a tsakiyar titi. Furofesa zai ce ai ba a kan titi kaɗai ilimi yake ba, ya cusa masa waya a hanci. In wannan ya yi magana ka gyaɗa kai, in wancan ya yi ka gyaɗa kai, har wuyanka ya gaji.

Hayaniyar za ta janyo mai walda daga shagonsa na gefe, baƙin tabarau a goshi, riga duk hujin tartsatsi. Ka nemi ra'ayinsa don a ga kana da adalci.

"Ni ba ruwana, Oga," zai ce. "Duk inda aka nuna mini, nan zan ƙona."

Ka riƙe mutumin nan da kyau, irinsa sun yi ƙaranci.

4. In Madam ta bugo, ka yi nesa da gareji

Wayarka za ta yi ƙara a daidai lokacin da gardama ta kai maƙura. Ka ruga bayan tulin tayoyi, ka sanyaya murya.

"Maigida, lafiya dai motar? Ka san gobe aikin safe gare ni."

"Lafiya ƙalau! Wani ɗan ƙarfe ne kawai ake dubawa."

"To, ni ban san komai a kan mota ba. Kai dai ka tabbatar ba abin da zai same mu a hanya."

"Haba, ina raye?"

Za ta yi dariya ta kashe wayar. Ka kurɓi ruwan sanyi, ka koma fagen daga.

5. Ka raba gardama da hikimar da ba a taɓa ji ba

Ga inda duk darasin yake, don haka ka buɗe kunne. In ka bi bakanike, Furofesa zai kwashe ka a baki har tsufanka, ga Asabar ta tafi. In ka bi Furofesa, bakanike zai ɗaure fuska ya ɗaure maka notoci da fushi. Mai hankali ba ya zaɓar ɗaya. Miƙe tsaye, kaɗe bayan wando, ka yi gyaran murya.

"A yi wa gefe ɗaya walda. A nan inda yake, ba sai an sauke shi ba."

Bakanike zai saki baki. "Oga, gefe ɗaya?"

"Gefe ɗaya. In gefen da aka yi wa walda ya fi ƙarko, ka yi gaskiya. In ɗayan ya fi, Furofesa ya yi gaskiya. Wannan shi ake kira gwaji."

Furofesa zai tafa har da ɗan tsalle, ya ce kai ne ka cancanci sunansa. Bakanike zai ɗaga hannu sama ya ce shi dai ya faɗa. Mai walda kuwa tuni ya sauke tabarau kan idonsa.

"Wane gefen, Oga?"

Kada ka tsaya tunani, tunani ke ɓata irin wannan aiki. Ka bar bakinka ya amsa da kansa, zai kuwa amsa da sauri: "Gefen direba mana!"

6. Ka sha shagalinka

Tartsatsi na tashi, jajayen na shiga mazauninsu, motar na miƙewa tsaye har sai ka ji kamar ka sara mata. Danna bonet da hannu biyu ka ga yadda ta ƙi motsi. Ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, ka kwanta a ƙasa ka ɗauko ta ƙasa, amma ta gefen da ke ƙyalli. Ka tura wa abokai. Ka tura wa ƙaninka da ya taɓa kiran ta akwala. In rawa ta zo maka, ka taka, garejin ai ba na kowa ba ne yau sai naka.

7. In Madam ta sauko daga tasi

Wannan ba ya cikin tsarin, amma yana faruwa. An tashe su da wuri, ta ce bari ta biyo ku koma gida tare. Za ta gaishe da kowa, ta yaba tsayin motar, har ta shafa ƙofa. Kai dai ka yi ƙoƙarin shiga tsakaninta da mai walda, domin mutum ne mai alfahari da aikinsa.

Ba za ka yi nasara ba. "Madam, leƙo ki ga hannu," zai ce, ya haska mata.

Za ta tattare mayafi ta durƙusa. Za ta daɗe tana kallo.

"Malam, me ya sa nan ke ƙyalli, can kuma tsatsa da tsaga?"

"Oga ne ya ce gefen direba kaɗai."

Za ta miƙe a hankali, ta kaɗe gwiwa, ta dube ka. Ba tsawa, ba zare ido.

"Maigida, ni a wane gefe nake zama?"

Ka waiga neman Furofesa. Ya tafi amsa waya, wayar da ba ta yi ƙara ba.

8. Wannan matakin ba ni da dabararsa

Na duba ko'ina, babu. Za ta buɗe ƙofar gefenta, ta ciro takalmin da take ajiyewa a ƙarƙashin kujera, da lemarta, da cajar waya, ta zuba su a jaka ɗaya bayan ɗaya kana tsaye kana kallo. Sannan ta ce, "Gobe zan bi tasi. Allah ya kai ka lafiya, kai da gefenka."

Kunya za ta kama ka tun daga tafin ƙafa, kunya ta gaske, wadda ba ta da wurin ɓuya. In ta tari tasi ta wuce, ƙura ta lafa, ka juya ga bakanike ka ce a sauke firam ɗin, a yi masa duka.

"Sai an kwance jajayen fa, Oga. Kuma Asabar ba za ta samu ba."

"Kwance."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba bakanike ba ne, ba mai walda ba ne, bai taɓa ganin motarka ba, kuma in aka tambaye shi zai rantse bai san ka ba. Ba ruwansa da firam, ba ruwansa da tsatsa, ba ruwansa da abokan da suka jira ka a fili har suka watse. Ranar da motar ta fito gefe biyu na ƙyalli, ka buɗe wa Madam ƙofa da kanka, in ta tsaya ta sunkuya ta duba ƙasan motar da idonta kafin ta shiga, kada ka neme ni. Wayata a kashe take.